Ruwan Dawaki a Hawan Zazzau: Littafin Aikin 'Yan Sa Kai

Asabar, 15 ga Fabrairu, 2025

An tsayar da magana yau bayan La'asar: bana za mu kafa wuraren shayar da dawaki da duba lafiyarsu a kwanakin hawan ƙaramar Sallah. Ni aka ɗora wa rubutu. Duk abin da aka yi zan riƙa sa shi a nan, don masu ba da gudummawa su san inda kuɗinsu ya shiga, in kuma wani gari na son kwaikwaya ya sami abin dubawa.

Sallar bara ce ta tada maganar. Ta faɗo 10 ga Afrilu, tsakiyar bazara. Mai kallo daga rumfa rawani yake gani da alkyabba da laima. Wanda ya biyo bayan ayari kuwa ya ga doki ya kafe a tsakiyar kwalta, hanci a buɗe, kumfa ta wanke masa ƙirji, yaro na ta zuba masa bulala wai taurin kai ne. Mahayi ana miƙo masa ruwan leda ta ko'ina, dabbar da ta ɗauko shi tun hantsi ba wanda ya tuna da ita. Bana ana sa ran Sallah a ƙarshen Maris, zafin dai yana nan.

Ba mu da yawa. Akwai likitan dabbobi da ya yarda ya ba mu kwanakin Sallarsa kyauta, da ɗaliban likitancin dabbobi daga Samaru, cikinsu har da mace. Sai tela, da mai Keke, da malaman makaranta, da samarin unguwa waɗanda, in za a faɗi gaskiya, dokin ne ya jawo su, ba aikin ba. Ba laifi, da haka ake farawa.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Takardarmu ta tafi ta hannun mai unguwa zuwa ga hakimi, daga can za ta wuce fada. Ba a ajiye ko bokiti a hanyar sarki sai da izini, kuma ba ma so ranar hawa dogari ya tambaye mu wa ya aiko mu.

Mun fara zagayen barga a cikin birni. Dawakin hawa ba ɗaya ba ne. Na hakimai da masu sarauta suna da turke na dindindin, da yaran barga, da harawa a rumbu. Waɗannan shekara guda ake yi ana kula da su, ana fita kilisa da su, jikinsu ya san aiki. Akwai na masu sha'awa, mutum ɗaya doki ɗaya a ƙofar gida, wani ma ya fi kula da shi kan kansa. Sai na haya, waɗanda ake kawowa daga ƙauyuka in Sallah ta matso. Su ne abin ji. Doki ɗaya a ba wannan da safe, a ba wancan da yamma, kwana uku a jere, kuma wanda ya biya kuɗin haya gani yake sai ya fanshe kuɗinsa da sukuwa. Mai dokin ba ya wurin, mahayin ba nasa ba ne, yaron da ke riƙe da ragama an ɗauko shi jiya.

Likita ya ce mu sa ƙarfinmu a nan. Manyan barga ba sa buƙatar bokitinmu. Amma muna buƙatar bakinsu, domin ɗan haya ba zai saurari ɗalibi mai farar riga ba, zai saurari tsohon da ya san ya girme shi a harkar.

Talata, 4 ga Maris (4 ga Azumi)

Izini ya fito, da sharaɗi biyu: kada mu tare hanya, kada mu tsayar da doki a cikin jerin ayari. Azumi ya kama ranar Asabar, saboda haka horon ya koma bayan asham.

Daren yau a wata barga aka yi, da fitilar waya. Darasin farko shi ne yadda ake tunkarar doki: ta gefen kafaɗa, kana magana, hannu a wuyansa kafin ka matsa ko'ina. Doki na gani kusan kewaye da shi, amma ba ya ganin abin da ke bayansa daidai, kuma abin da bai gani ba da ƙofato yake tambayarsa. Dawakin hawa galibi ingarmu ne, in biyu suka haɗa hanci a wurin ruwa faɗa ne, don haka sai an bar fili tsakaninsu.

Sannan aka shiga lissafi. Bugun zuciyar doki in yana hutawa 28 zuwa 44 ne a minti, ana jin sa da yatsa a jijiyar da ke ƙarƙashin muƙamuƙi. Ka ƙirga na daƙiƙa 15 ka ninka sau huɗu. Numfashi 8 zuwa 16. Zafin jiki digiri 37.5 zuwa 38.5, kuma ta dubura ake aunawa, abin da ya sa yaran barga suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Ka ɗaga leɓe ka danna dasashi, in jan bai dawo ba cikin daƙiƙa biyu akwai magana. Ka tsunkuli fatar wuya ka saki, in ta tsaya a tattare ruwa ya yi ƙaranci a jiki.

Doki na shan lita 25 zuwa 45 a rana yana zaune lafiya, da zafi da aiki abin na iya ninkawa. In yana aiki mai tsanani a rana, gumin da yake zubarwa na kai lita 10 zuwa 15 a awa ɗaya, kuma guminsa ya fi na mutum gishiri. Cikinsa kuwa ƙarami ne in aka kwatanta da girmansa, kuma ba ya iya amai. Wannan na ƙarshen na ja masa layi a littafina.

Asabar, 8 ga Maris

Yau muka je wurin Baba. Duk wanda muka tambaya a zagayenmu sai ya ce, "Kun gaya wa Baba?" Tun zamanin Sarki Aminu yake cikin dawaki, ya yi duk shekara 45 ɗin Sarki Shehu Idris a barga, yanzu ƙafa ta hana shi bin hawa, amma rabin masu riƙe da manyan barga a birni a hannunsa suka koyi ɗaura majayi, wato ɗamarar da ke riƙe sirdi a jikin doki.

Mun same shi a kan buzu yana gyaran wata tsohuwar ragama. Muka durƙusa muka gaisa, likita ya yi bayani. Bai ɗago ba har aka gama.

"Yaro, wa ya ce maka ana ba doki ruwa da gumi a jikinsa? Cikinsa zai ƙulle. Ka watsa masa ruwan sanyi kuma ƙafafu su riƙe, gobe ba zai taka ba. Ni na binne dawaki da hannuna a kan wannan."

Likita ya ce, "Baba, Allah ya ƙara girma, Turawa ma haka suka ɗauka shekara da shekaru." Ya ba shi labarin gasar Olamfik ta 1996 a Atlanta ta Amurka, gari mai zafi da gumi. Kafin gasar an ji tsoron dawaki za su faɗi, sai aka yi bincike mai yawa a kan yadda za a sanyaya su. Abin da aka gano shi ne kwarara wa doki ruwan sanyi a duk jikinsa shi ya fi saurin sauke zafi, kuma ba ya riƙe masa tsoka. Shan ruwa bayan aiki ma ba ya cutar da shi.

Baba ya ce, "Dokin Bature ke nan."

Wani daga cikin samarinmu ya yi karambani ya ce to na 'yan folo fa, ai a Kaduna ana sauka ake wanke su. Na zaci Baba zai yi fushi. Sai ya ajiye ragamar. Ya ce folo ba baƙonsa ba ne, tun da Sarkin Katsina Dikko ya kawo wasan zuwa Katsina 'ya'yan sarauta ke buga shi, ya kuma sha raka dawaki gasar kofin Jojiya a Kaduna. "Amma ɗan folo minti bakwai yake yi a sauke shi a hau wani. Ba jalala a bayansa, ba labbati a wuyansa. Namu tun safe yana tsaye cikin kaya. In an dawo gida yaro ya zuba masa dawa cike da akushi, ya kawo ruwa, ya tafi yawon Sallah. Da asuba ka tarar da shi yana birgima."

Likita ya yi shiru, sannan ya ce abin da Baba ya gani gaskiya ne, mai laifin ne aka sauya. Doki ya wuni da ƙishirwa, hanji ya bushe, a aza masa hatsi mai yawa a kai, ga shi ba ya amai. Ciwon ciki ke nan. Da an riƙa ba shi ruwa tun a hanya da bai kai ga haka ba. Wasu ma ba sa shayarwa da safiyar hawa wai kada doki ya yi nauyi, to nan aka fara ɓata rawar.

An daɗe ana ja. Inda aka tsaya: rabin bokiti, a ja doki ya taka kaɗan, a ƙara masa. Wanka kuma a fara daga ƙafafu a hau sama, sai dai in doki ya faɗi, nan likita ke da magana. Baba ya ce yaransa za su tsaya tare da mu, kuma duk wanda ya yi gardama a ce masa shi ya ce.

A hanya ɗalibar nan ta tambayi likita, ai a littafi an ce a bar doki ya sha iya son ransa, me ya sa ya yarda da rabin bokiti? Ya ce rabin da za a sha ya fi cikakken da za a ƙi. Ni ma ra'ayina ke nan. Mun zo da ma'auni da takarda, amma ragama ba a hannunmu take ba.

Asabar, 15 ga Maris

Kaya sun fara haɗuwa: durom na roba, bokitai, kofunan kamfata, gishiri, auduga, maganin wanke rauni, ma'aunin zafi. Wata Hajiya a unguwarmu ta aiko da manyan robobinta na biki, da gargaɗin a dawo mata da su a ƙirge. Tela ya ɗinka mana riguna masu launi ɗaya don dogarai su gane mu. Kuɗin tankar ruwa ya kusa cinye rabin abin da muka tara, don haka mun yi magana da 'yan garuwa su riƙa cika mana da kura inda mota ba za ta shiga ba.

Da farko kwami ɗaya muka yi niyya kowane doki ya sa baki. Likita ya hana, domin ta nan mura da ciwon maƙogwaro ke bi daga doki zuwa doki. Yaran barga ma sun ƙi, amma dalilinsu daban: ba sa barin dokin ubangidansu ya sha ruwan da ba su san wanda ya taɓa ba, ana tsoron sammu. Maganin duka biyun ɗaya ne. Kowace barga ta zo da bokitinta, mu kamfata daga durom mai murfi mu zuba mata a gaban idonta. Na haya da ba su da bokiti a ba su namu, a ɗauraye bayan kowane doki.

Maganar kanwa ma ta taso. An saba jiƙa wa doki kanwa tun kaka da kakanni. Likita bai hana ba, ya dai ce abin da gumi ke fitarwa gishiri ne ya fi mayar da shi, kuma ko me aka jiƙa a ajiye ruwa zalla a gefe, doki ya zaɓa.

Asabar, 22 ga Maris

Gwaji a wurin kilisar yamma, da azumi a bakinmu. Na tsaya na ga yadda ake shirya doki ɗaya tun daga farko: zubuka a baya, sirdi a kai, a ja majayi har sai doki ya yi nishi, a shimfiɗa jalala, a rataya labbati, ɗan goshi, layu, ga likkafa ta ƙarfe, ga mahayi da babbar riga da alkyabba. Kyau kam ba a magana. Amma fatar da ya kamata iska ta busa ta ɗauke gumi duk tana rufe. Na lifidi kuwa, wanda aka lulluɓe da sulken auduga, Allah kaɗai ya san abin da yake ji a ciki.

Da aka kwance wani na haya, sai ga miki a gadon bayansa, faɗin tafin hannu, an shafa masa baƙin mai an rufe da tsumma. Mai shi ya ce zai warke kafin Sallah. Ba zai warke ba in ana ɗora masa sirdi kullum. Ɗaya daga cikin yaran Baba ya yanka tsohon bargo ya huda tsakiya, ya ɗora yadda sirdi ba zai taɓa wurin ba. Wannan dabara ba ta cikin takardar horonmu, yanzu ta shiga.

Linzami ma mun gani. Irin namu mai zobe da harshen ƙarfe, in hannu ya iya, taɓawa kaɗan ta isa. In hannun ɗan koyo ne mai son doki ya yi tsaye don a ɗauke shi hoto, jini ne a baki. Wasu cikinmu na so mu yi magana a kai. Na ce a bari. Bana ruwa muka roƙa aka ba mu. In muka taɓa linzami tun yanzu, har ruwan za a hana mu.

Juma'a, 28 ga Maris

Labari ya zo cewa 'yan sanda sun hana hawan Sallah a Kano, wata uku da 'yan kwanaki bayan hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa hawan na Kano cikin jerin al'adun duniya a Disambar 2024. Abin da ya shafe mu a ciki shi ne masu kallo za su ƙaru a nan, mun ƙara odar ruwa.

Da dare mun taka hanya da ƙafa daga Babban Dodo zuwa Ƙofar Doka da tsintsiya da buhu. Dawakinmu galibi ba a yi musu takalmi, kwalba ko ƙusa ɗaya ta isa, kuma doki na cikin dabbobin da tetanus, cutar sandarewar jiki da ke shiga ta rauni, ta fi saurin kamawa. Mun tsince abin da muka iya, mun sa alama a bakin kwatocin da ba murfi. Wuraren ruwa: ɗaya a bayan filin Idi, ɗaya a wani lungu mai inuwar darbejiya kusa da fada, ɗaya kuma a cikin Keke yana bin bayan ayari. Duka nesa da inda 'yan bindiga ke tsayawa.

Lahadi, 30 ga Maris, Hawan Sallah

Sarkin Musulmi ya sanar da ganin wata daren jiya. Kafin a tada sallah durom sun cika.

Awar farko ba wanda ya zo. Ana wuce mu ana kallon rigunanmu. Sai yaron Baba ya jawo wani akawal, baƙin doki na babbar barga, ya tsayar da shi a gabanmu, ya miƙo bokiti, da ƙarfi yadda kowa zai ji: "Ku zuba masa, Baba ya ce rabi." Dokin ya sa baki bai ɗago ba sai da ya ga ƙasan bokitin. Daga nan layi ya kafu, har muna roƙon a ja baya saboda ingarmu sun fara haniniya da juna.

Lokacin da ya fi amfani ashe ba bayan hawa ba ne. Lokacin jira ne, sa'ad da ake sallah da huɗuba, da kuma sa'ad da tawagar kowane hakimi ke tsaye tana jiran a zo kanta. Doki na iya yin awa a wuri ɗaya cikin rana. Nan muka riƙa bi da bokiti da soso, muna jiƙa ƙirji da wuya da tsakanin cinyoyi, duk inda kaya bai rufe ba, muna roƙon a sassauta majayi kafin a tashi.

Na ji kakaki da tambari, na ji bindiga, na ji guɗa ta tashi na san Sarki ya iso. Ban gan shi ba. Aikina a wannan lokacin shi ne hana yara kutsawa ƙarƙashin dawaki, fuskata na wajen jama'a. Jafi ma, gaisuwar da mahaya ke yi wa Sarki da sukuwa, a waya na kalla da dare kamar wanda ba ya gari.

Litinin, 31 ga Maris, Hawan Bariki

Wannan ce ranar da muke tsoro. Asalin hawan tun zamanin Turawa ne, Sarki ya je bariki gaida Razdan. Yau gwamnati ake gaisarwa, amma tafiyar tana nan: a fita birni ta Ƙofar Doka, a ratsa Tudun Wada, a haye zuwa Jiyare (GRA), unguwar Turawa ta da, a dawo. Kwalta ce zalla, dawowar kuma da tsakar rana.

A dawowar ne mai Keke ya kira ni, doki ya faɗi. Wani bikili ne, jan doki na haya, ramamme, yana kwance a gefen titi, ciki na ɗagawa da sauri. Abin da ya tada hankalin likita shi ne wuyan a bushe yake, gumin ya ɗauke. Ma'auni ya nuna zafin jikinsa ya haura digiri 41. Bugun zuciya ban ma iya ƙirgawa ba.

Likita ya ce a kwance kaya duka. Mahayin, saurayi ne da bai wuce ashirin da 'yan kai ba, ya ce ba a taɓa, kayan aro ne, kuma yanzu zai tashi. Yana ta jan linzami. Wani daga cikin 'yan kallo ya kawo kwalba zai yi masa ɗura. Ɗalibar nan ce ta riƙe hannunsa: "Malam, don Allah bari. In ya shaƙe, huhu ruwan zai tafi." Yaron Baba ya iso a guje, bai yi wa kowa magana ba, ya durƙusa ya ɓalle majayi. Ya dubi mahayin ya ce, "Yallaɓai, in ya mutu a nan kuɗin doki za ka biya, ba na jalala ba." Saurayin ya saki linzami.

Mutum huɗu suka riƙe buhun leda a sama ya zama inuwa. Muka yi ta kwarara ruwa, wuya, kafaɗa, baya, cinya, ba tsayawa. Wani mai shago ya fito da ƙanƙarar da yake sanyaya lemo ya juye a durom ɗin, bai karɓi ko sisi ba. Namu ya ƙare, ɗan garuwa ya turo kurarsa ya buɗe jarkoki. Ana zubawa ruwan na gangarowa da ɗumi kamar an sirka na wanka. Likita na aunawa lokaci-lokaci yana faɗin lamba, tana sauka a hankali. Can dokin ya ɗaga kai, ya miƙe ƙafafun gaba, ya yi yunƙuri ya tashi yana rawar jiki. Aka miƙa masa bokiti ya sha da kansa.

Likita ya ce ba hawa, ba sirdi, a ja shi a hankali zuwa gida, ba hatsi yau, kuma zai bi shi da dare. Mahayin ya koma birni a cikin Kekenmu, da rawaninsa da alkyabbarsa, sirdi a cinya.

Da yamma na kai wa Baba rahoto. Ya tambaya, "Ruwan ƙanƙara? A bayansa?" Na ce e, Baba. Ya ce gobe a kawo masa dokin ya ga takunsa.

Talata, 1 ga Afrilu, Hawan Daushe

An kai masa da safe. Ya sa aka zagaya da shi, ya shafa ƙafafun huɗu ɗaya bayan ɗaya, ya ce a mayar. Bai ce komai a kan ƙanƙara ba, mu ma ba mu tambaya ba.

Daushe da yamma ne kuma a cikin birni, zafi da sauƙi. Wahalar yau ta yara ce. Ranar ce ake hawar da ƙananan 'ya'yan gidan sarauta cikin ado, wani ƙafarsa ba ta ma kai likkafa ba, zagi na riƙe da shi. Su ba su da matsala. Matsalar bayan an watse ce, sa'ad da samari ke karɓar dawakin da suka wuni suna aiki su shiga sukuwa a lunguna har bayan Magariba. Raunukan da muka wanke yau kusan duk daga nan suka fito: gwiwa ta goge a kwalta, kaimi ya tsaga ciki, baki ya fashe. Ba mu da ikon hana kowa. Mun rubuta a rahoton da za mu miƙa wa hakimi.

Asabar, 12 ga Afrilu

Zagayen bayan Sallah. Bikilin nan yana cin harawa, an mayar da shi ƙauye. A wata barga mun tarar an yi asarar doki kwana biyu bayan hawa, ciwon ciki. Bai bi ta wurinmu ba ko sau ɗaya, kuma an ba shi dawa a daren. Ba mu ce komai ba sai jaje. Mai shi da kansa ya tambayi inda za mu tsaya da babbar Sallah.

Mikin baya shi ne ya fi yawa, kusan duk na haya. Robobin Hajiya sun koma, ɗaya ya fashe, mun saya mata sabo. An karanta lissafin kuɗi a gaban kowa, abin da ya rage an bar shi a hannun ma'aji. Cikin samarin da doki ya jawo, wasu sun ɓace tun ranar farko da suka ga aikin ɗaukar bokiti ne. Waɗanda suka rage yanzu sun fi ni iya jin bugun zuciya.

Asabar, 17 ga Mayu

Babbar Sallah ana sa ran ta farkon Yuni. An fara ruwa, lissafi ya sauya: kwalta mai santsi, ƙuda a kan miki, kaska, da sauro da ƙananan ƙwarin da ke yaɗa cutar dawaki da damina. Iska mai laima kuma ba ta busar da gumi, don haka hadari a sama ba ya nufin doki ya huta.

Wani malamin lissafi a cikinmu ya jawo hankali kan abin da ban yi tunani ba. Kowace shekara Sallah na matsowa da kwana 10 ko 11. Ƙaramar na fita daga bazara tana nufar hunturu, babbar kuwa daga Yuni za ta shiga Mayu, nan da 'yan shekaru ta faɗa Afrilu. Zafin da muka yi fama da shi bana ita za ta gada, ga hidimar layya da za ta rage mana hannu.

Abin da ke gabanmu: masu ba da hayar dawaki sun yarda a zauna da su ranar Asabar mai zuwa a zauren Baba, kan a daina ba da doki ɗaya sau biyu a rana. Ba na sa ran za su yarda da sauƙi, kuɗin shekara suke nema a kwana uku. Likita na neman allurar rigakafin tetanus a farashi mai sauƙi. Muna buƙatar Keke na biyu don hanyar bariki, da mai ƙanƙara da za mu yi ciniki da shi tun yanzu. Tela zai gwada ɗinka zubuka mai rami a tsakiya, yaron Baba zai kai masa awo ranar Litinin. Maganar linzami Baba ya ce a bar masa, shi zai tada ta da kansa a zaman.